Sabuwar Gurna: Garin da Aka Gina Ya Yi Sanyi Babu Lantarki, Masu Shi Suka Ƙi Tarewa

1/
 A 1964 an gina wasu 'yan ɗakuna guda shida a harabar cibiyar binciken gine-gine ta birnin Alƙahira, kowanne da irin kayan da aka gina shi da su. Ba don a kwana a ciki aka yi su ba, don a auna zafinsu ne kawai. Biyu daga ciki su ne abin magana.

2/
Ɗaya na tubalin laka ne, kaurin bangonsa santimita 50, rufinsa ma na laka. Ɗayan na kankare ne, irin wanda ake zubawa a masana'anta a ɗauko a haɗa, kaurinsa santimita 10. Aka sa ma'aunin zafi aka bi su awa 24. Na laka yana tsakanin digiri 21 da 23, bai motsa daga nan ba. Na kankare sai da ya kai 36. Ya fi waje zafi da digiri 9. Wato ka gudo ɗaki don ka huta, ashe gara inda ka baro.

3/
Wanda ya yaɗa waɗannan alƙaluma a duniya shi ne Hassan Fathi, mai zanen gine-gine ɗan Masar. Ya sa su a littafinsa Natural Energy and Vernacular Architecture da ya fito a 1986. Duk wanda ya karanci harkar gini mai tsimin makamashi a ƙasashe masu zafi sai ya ci karo da sunansa. Amma aikin da ya fi fito da shi, garin Sabuwar Gurna, aiki ne da ya watse tun ba a gama ba. Labarin watsewar nan nake son bayarwa.

4/
Me ya sa ya shafe mu? A 2018 hukumar makamashi ta IEA ta ce AC da fanka suna shan kusan kashi 10 cikin 100 na duk lantarkin da ake amfani da shi a duniya, kuma yawan AC zai tashi daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 nan da 2050. Mu kuma nan tun da aka ƙara kuɗin wutar Band A a Afrilun 2024, lokacin da ya kai naira 225 kowane yunit, kowa ya san AC ba abin kunnawa da garaje ba ce. Balle in da janareto za ka ja ta.

5/
To, an haifi Fathi a Iskandariya a 1900, ya gama karatun gine-gine a Alƙahira a 1926. Ɗan masu hali ne, ba ɗan ƙauye ba, kuma karatun da ya yi tsarin Turai ne zalla. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

6/
Yaƙin Duniya na Biyu ne ya matsa masa lamba. Rodi da katako yawanci shigo da su ake yi Masar, yaƙi ya sa suka yi wuya suka yi tsada. Bango ba matsala ba ne, laka tana ko'ina a bakin Nilu. Rufi ne matsalar. Manomi zai iya tayar da bango da hannunsa, amma abin da zai ɗora a sama sai ya saya.

7/
A 1941 ya gwada yin rufin laka mai lanƙwasa a wata gonar gwaji a Bahtim, kusa da Alƙahira. Maginan da ya samu suka ɗora, rufin ya zube. Sai ya samu labarin cewa can kudu, wajen Asuwan, Nubiyawa har yanzu suna rufa ɗaki da tubali ba tare da itace ko ɗaya ba. Ya shiga jirgin ƙasa ya tafi ya gani da idonsa, ya dawo da maginansu.

8/
Bari in bayyana dabarar, don a nan hikimar take. Ana fara tayar da bangon ƙarshen ɗaki ya fi na gefe tsawo. Magini ya ɗebi laka ya zana siffar baka a jikin bangon nan da hannu. Sai ya fara jera tubali a kan zanen, amma ba a tsaye cak ba, a jingine, kamar yadda ake jingina littattafai a kanta. Layin farko ya jingina da bango, na biyu ya jingina da na farko, haka har a ƙure ɗakin.

9/
Saboda jinginar nan, ba a buƙatar katakon da zai tallafe rufin kafin ya bushe. Tubalin da ake amfani da shi sirara ne, an cika shi da ƙaiƙayi don ya yi sauƙin nauyi, kuma ana ja masa layi da yatsa tun yana ɗanye don laka ta kama shi. Siffar bakan ita ke sa nauyi ya bi ta cikin tubalin ya sauka kan bango. Laka tana jure dannawa, ja ne ba ta jurewa, siffar kuma ta kawar da jan.

10/
Kuma ba sabon abu ba ne. A Luksor, bayan haikalin Fir'auna Ramsis na Biyu, akwai rumbunan ajiya da aka rufa da irin wannan dabara sama da shekara 3,000 da suka wuce. Wasunsu suna nan tsaye har gobe.

11/
Wani zai ce ai mu ma muna da ɗaurin guga da bakan gizo. Ƙwarai kuwa, duk wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 ya san magabata ba wasa suka yi ba. Bambancin shi ne namu azara ce ƙashinsa, laka tana rufe ta ne. Na Nubiyawa ba ya buƙatar azara ko ɗaya. Ranar da giginya ta yi ƙaranci, wannan bambanci ya zama babba.

12/
Yanzu, me ya sa ɗakin ƙasa yake sanyi? Ba wai laka tana ƙera sanyi ba ne. Jinkiri take kawowa. Rana ta bugi bango da hantsi, zafin ya fara ratsawa a hankali, kafin ya isa ciki an ɗauki sa'o'i da yawa, rana ta riga ta faɗi. Da dare kuma iska ta huce, bangon ya mayar da yawancin zafin waje. Gari ya waye ya fara daga sanyi. Bulo mai rami da kwano a sama ba su da wannan haƙurin. Abin da rana ta ba su, nan take suke miƙo maka.

13/
Amma fa akwai sharaɗi, kuma masu tallan ginin ƙasa a soshiyal midiya ba su cika faɗa ba. Dabarar tana aiki ne inda dare yake hucewa sosai. In dare bai huce ba, irin na Afrilu da Mayu a Sakkwato ko Maiduguri, bangon yana sako maka zafin rana daidai lokacin da kake son barci. Shi ya sa mutanen da suke kwana a tsakar gida ko saman soro lokacin bazara, su kuma na Masar a saman rufi. Tsakar gida da soro duk cikin na'urar suke. Ka cire su ka bar bango kaɗai, ka lalata lissafin.

14/
Mu koma Gurna. Ƙauye ne a yammacin Nilu, tsallaken Luksor, a kan tudun da kaburburan manyan fadawan Fir'aunoni suke. Mutum wajen 7,000 ne suke zaune a wurin, gidaje da yawa a kan bakin kaburburan, wasu ma kabarin ne ɗakin ajiyarsu. Daga nan ne 'yan gidan Abdurrasul suka gano maɓoyar gawarwakin sarakuna a Deir el-Bahari, suka yi shekaru suna sayar da kayan ciki kafin asiri ya tonu a 1881.

15/
Hukumar kula da kayan tarihi ta daɗe tana son ta tashe su. A tsakiyar shekarun 1940, bayan an yanke wani sassaƙen dutse daga jikin kabari an sace, aka yanke shawarar a gina masu sabon gari a ƙasa, cikin filin noma kusa da kogi. Ana son abu mai arha. Aka tuna da mutumin nan mai ginin laka. Aka ba Fathi aikin.

16/
Gaskiya tsarin da ya yi abin burgewa ne. Bai zana gida ɗaya ya ce a maimaita sau ɗari tara ba, irin rukunin gidajen gwamnati da muka sani. Ya raba garin unguwa-unguwa bisa dangi, ya yi ƙoƙarin zana wa kowane iyali gida daidai da yawansu. Lunguna ƙanana ne masu karkacewa, don gini ya riƙa yi wa gini inuwa. Ya sa masallaci, kasuwa, masaukin masu sana'a, makarantar maza da ta mata, har da gidan wasan kwaikwayo.

17/
A makaranta ya yi amfani da malƙaf. Wata doguwar kafa ce da ake ginawa sama da rufi, bakinta yana fuskantar inda iska ke tahowa, a Masar daga arewa. Tana kamo iskar sama mai ƙarancin ƙura ta turo ta ƙasa cikin ɗaki, iska mai zafi kuma ta fice ta wata kafa a sama. Tsoffin gidajen Alƙahira suna da ita tun ɗaruruwan shekaru.

18/
Abin da Fathi ya ƙara: a cikin kafar ya sa tulu mai tsattsafo da ruwa, ruwan yana ɗiga kan gawayi da aka shimfiɗa a kan raga. Iska ta bi ta jikin jiƙaƙƙen gawayi kafin ta shigo aji. Duk wanda ya sha ruwan randa ya san wannan kimiyyar: ruwa in zai zama tururi sai ya ja zafi daga abin da ke kusa da shi. Shi ya ce zafin ajin ya sauka da digiri 10. Babu waya, babu mita.

19/
Bai tsaya kan sanyi kaɗai ba. Daren hunturu a kudancin Masar akwai sanyi, itacen girki kuma babu. Ya ɗauko tsarin wani murhun ɗumama ɗaki da ya gani a Ostiriya, wanda hayaƙi ke zagayawa cikin jikinsa kafin ya fita, ya haɗa shi da tanderun gasa burodi. Wuta ɗaya, aiki biyu.

20/
Har kududdufi ya yi wa tanadi. Ya san duk inda aka haƙi ƙasar gini rami zai saura, ruwa ya taru, sauro da katantanwar da ke ɗauke da tsargiya su samu gida. Sai ya tsara a mayar da ramin tafki mai mashiga da mafita, a riƙa canja ruwan ana sa magani. Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ko Zariya ya san abin da kududdufi ke zama in an bar shi haka nan.

21/
To duk da wannan, mutanen Gurna suka ce ba za su tare ba.

22/
Bayanin da aka fi yaɗawa shi ne wai ba sa son barin satar kayan kabari. Akwai masu wannan harka, ba musu. Amma ɗora wa mutum 7,000 laifin wasu tsiraru rashin adalci ne. Abincin yawancinsu a tudun nan yake: leburanci a wurin masu tonon kayan tarihi, gadi, yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora, sayar masu da sassaƙe. Sabon garin yana tsakiyar gonakin da ba nasu ba. Ka ba mutum ɗaki mai sanyi ka raba shi da abincinsa, wanne kake jin zai zaɓa?

23/
Sannan babu wanda ya tambaye su ko suna son tashi. Doka ce ta zo daga Alƙahira. Fathi ya zauna da dattawansu, ya yi tambayoyi kan yadda suke rayuwa, amma tambayar farko, wato "kuna so?", an riga an amsa masu ita.

24/
Akwai kuma maganar ƙubba. A wurin Fathi ƙubba gado ce ta kakanni. A wurin mutanen wannan yanki da yawa, ƙubba a kan kabarin waliyyi ake ganin ta, ba a kan ɗakin kwana ba. Kuma dabarar ta Nubiyawa ce, daga can kudu aka ɗauko ta, ba ginin Gurna ba ne. Wato "gargajiyar" da aka kawo masu su ma baƙuwa ce a wurinsu.

25/
Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ruwa. Bai ja famfo cikin gidaje ba, ya fi son a riƙa ɗiba a famfon unguwa, har yana ganin zuwa ɗibar ruwa wata dama ce ta zumunci ga 'yan mata. Mutumin da ya tashi a gidan da ruwa ke zuwa har ɗaki ne ke yanke wa 'yar ƙauye hukuncin cewa tulu a ka ya fi mata. A nan ɗan masu halin nan ya leƙo.

26/
Ana cikin aiki aka fasa madatsar da ke kare filin, ruwa ya malale garin ya jiƙa ginin. Fathi ya tafi a kan cewa da gangan aka yi. Ga kwalarar 1947 da ta addabi Masar, ga ma'aikatan gwamnati da ke jan ƙafa wajen sakin kuɗi da kaya, ga 'yan kwangila da ba su ga abin da za su samu a laka ba. A 1948 aiki ya tsaya. Ko rabin gidajen ba a gina ba.

27/
Ku lura da maganar 'yan kwangilar nan, don har yau tana nan. Siminti da rodi suna da farashi, suna da rasit, suna da dila, akwai inda kowa zai ci. Ƙasar da aka haƙa a bayan gida ba ta da ko ɗaya. Arharta ita ce ta hana ta samun mai tsaya mata a ofis.

28/
A 1957 ya bar Masar ya koma Atina, ya yi aiki da kamfanin Doxiadis na wasu shekaru. Da ya dawo aka ba shi wani gari, Sabuwar Baris, a can cikin hamada a yankin Kharga. Ya fara da kasuwa mai malƙaf da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa don ajiye amfanin gona babu firji. Yaƙin 1967 ya tsayar da wannan ma.

29/
Sai ga abin mamaki. Ya rubuta labarin Gurna a littafi a 1969. A 1973 Jami'ar Chicago ta sake buga shi da sunan Architecture for the Poor. A Oktoban shekarar ƙasashen Larabawa masu fetur suka hana Amurka da wasu ƙawayenta mai, farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. Nan take jami'o'in Turai da Amurka suka shiga neman yadda gini zai rage shan makamashi. Ga kuma wani dattijo ɗan Masar da ya yi shekara talatin yana wannan magana ba mai saurare.

30/
Dare ɗaya ya zama malami. A 1980 kaɗai ya karɓi lambar yabo ta musamman ta Aga Khan da kuma Right Livelihood, a shekarar farko da aka fara bayar da ita. Aka gayyace shi har jihar New Mexico ta Amurka ya gina masallacin laka a Abiquiu, ya tafi da maginan Nubiya. Ya rasu a Alƙahira a 1989.

31/
Amma su wa suka ɗauki salon nasa a Masar? Attajirai. Gidajen hutu, otal-otal na baƙi, ƙubba da baka da tagogin mashrabiyya. Talakan da aka rubuta littafin da sunansa kuwa, yana samun kuɗin aikatau daga Saudiyya ko Kuwait sai ya rushe na laka ya zuba dakali. Ban ga laifinsa ba. Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, kuma a idon dangin amarya shaidar talauci ne. Mu ma nan haka ne, wa zai ce ba haka ba?

32/
Ƙasar ma ta canja. Da aka gama babbar madatsar Asuwan a 1970, Nilu ta daina ambaliyar da ke kawo sabuwar laka kowace shekara. Masu bulo suka koma kwasar ƙasar gona, har a shekarun 1980 gwamnati ta haramta. Abin da Fathi ya ɗauka kyauta ne ba ya ƙarewa, ya zama abin da doka ke karewa.

33/
Inda dabarar ta samu gindin zama sosai, abin ban sha'awa, kusa da mu ne. Wasu matasan da suka yi aiki da Fathi a farkon shekarun 1970 sun kafa ƙungiyar Development Workshop. A wajajen 1980 suka kawo ginin rufi babu itace Chikal, kusa da Filinge a Nijar, inda fari ya sa itacen rufi ya yi wuya. Suka koya wa magina na gida, magina suka riƙa yi wa masu so. A 2000 kuma wata ƙungiya ta fara irin wannan a Boromo ta Burkina Faso.

34/
Bambancin da Gurna a fili yake. Ba a tashi kowa daga gidansa ba. Mutum yana da matsalar da shi kansa ya san da ita, azara ta yi tsada, kwano ga zafi ga ƙara in ana ruwa, sai ga magini ɗan garinsu da mafita. In ya ga dama ya kira shi, in bai ga dama ba ya bari.

35/
A Dandaji, cikin jihar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala ginin Hikma a 2018 da bulon ƙasa da ake matsewa da inji. Tsohon masallacin garin, aikin Alhaji Falke Barmu wanda masallacinsa na Yama ya ci lambar Aga Khan a 1986, ba a rushe shi ba, aka gyara shi ya zama ɗakin karatu. In kuna da data ku nemi hotunan.

36/
Nijeriya ma tana da kundin ƙa'idar gini mai tsimin makamashi tun 2017. Yana magana kan girman taga idan aka kwatanta da bango, yi wa taga inuwa, sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi, da ingancin AC da fitilu. Yanzu ku leƙa sababbin unguwanni ku ƙirga gidajen da suka juya manyan gilasai suna kallon yamma, ga baƙin rufi dogo kamar na ƙasar da ake dusar ƙanƙara, tsakar gida an shafe ta da intalok babu bishiya ko ɗaya.

37/
Ita kuwa Sabuwar Gurna, daga baya mutane sun shiga gidajen. Iyali suka ƙaru, ɗa ya yi aure yana son ɗaki, ƙubba kuma ba ta ɗaukar bene a kanta. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, babu magudanar ƙazanta ta kirki, gishiri ya ci harsashin gini, bango ya tsattsage. Da yawa suka rushe suka yi benen kankare. A 2009 UNESCO ta fara shirin ceto abin da ya saura, daga baya aka gyara masallacin da gidan wasan da masaukin masu sana'a.

38/
Tsohuwar Gurna kuma, wadda mutanenta suka ƙi sauka daga tudu a 1948, ta ƙara kusan shekara sittin a wurinta. A ƙarshen 2006 gwamnati ta kawo buldoza. Aka kwashe dubban iyalai zuwa wani sabon rukunin gidaje a bakin hamada, arewa da tudun. Na bulo da siminti ne, a jere, duk iri ɗaya.